Kuɗin Ƙofa a Gidajen Tarihi: A Biya ko a Shiga Kyauta?

Akwai wata tambaya da jama'a suke yawan yi, musamman malaman makaranta da iyayen yara, game da gidajen ajiye kayan tarihi na ƙasar nan. Tambayar ita ce: tun da kayan da ke cikin gidajen nan na kakanninmu ne, kuma da dukiyar jama'a aka gina gidajen, don me za a tsai da mutum a bakin ƙofa a ce sai ya biya kafin ya shiga? Waɗansu kuma tasu tambayar ta saɓa da wannan. Su cewa suke yi, tun da kullum ana kukan rashin kuɗin gyara, me ya hana a ɗaga kuɗin ƙofar yadda gidajen za su riƙe kansu, su sauke wa gwamnati nauyi?

Duka tambayoyin biyu suna bisa hanya, kuma ba a Nijeriya kaɗai ake yin su ba. Ƙasashen da suka riga mu kafa irin waɗannan gidaje sun daɗe suna kai da kawowa a kan maganar, yau su sa kuɗi, gobe su cire. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a baje wa mai karatu al'amarin a faifai, ya san abin da ke cikin gidajen, da abin da riƙonsu ke ci, da abin da kuɗin ƙofa zai iya yi da wanda ba zai iya ba.

Wa ya tara kayan?

Gidan tarihi na farko a ƙasar nan shi ne na Esie, cikin Jihar Kwara ta yanzu, wanda aka buɗe a 1945 domin adana siffofin mutane na dutse wajen 800. Daga nan sai na Jos a 1952, na Ife a 1954, sa'an nan na Onikan a Legas a 1957. Na Kaduna an buɗe shi a 1975. A Kano akwai Gidan Makama, a Katsina kuwa tsohuwar Kwalejin Katsina ce aka mayar gidan tarihi. A 1979 aka yi Dokar Soja mai lamba 77, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, kuma ita ke riƙe da gidaje fiye da 50 a sassa dabam-dabam na Tarayya.

To, amma abin da ya kamata a lura da shi shi ne yadda kayan suka zo hannu. Yawancin manyan abubuwan da ƙasar nan ke alfahari da su ba masana ne suka fara gano su ba, talakawa ne, a bakin aikinsu na yau da kullum. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wata siffa ta gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. Wajen 1943 wani ma'aikacin kuza a ƙasar Jama'a ya sami wani kan mutum na yumɓu, ya kai gonarsa ta doya ya kafa shi don tsorata ɓarna, bai san cewa abin ya haura shekara 2,000 ba. Da aka kai kan nan Jos, wani Bature mai suna Bernard Fagg ya duba shi, ya ga ya yi kama da na Nok, daga nan ne duniya ta san da al'adun mutanen Nok. A 1938 masu haƙa harsashin gini a Ife suka ci karo da kawunan tagulla da suka ba duniya mamaki. A daidai wannan lokaci wani mutum a Igbo-Ukwu, cikin Jihar Anambara ta yanzu, yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa, ya tono kayan tagulla waɗanda daga baya aka tabbatar sun kai shekara 1,000. A 1987 kuma wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a Jihar Yobe ta yanzu, sai ya tarad da wani itace a ƙarƙashin ƙasa. Da aka tone shi a 1994 sai ga kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda ya kai shekara 8,000, kuma har yanzu ba a sami jirgin ruwan da ya girme shi a duk Afirka ba.

Watau ke nan manomi da lebura da makiyayi su ne suka cika ɗakunan nan. Wanda ya ce bai kamata a hana jikokinsu ganin kayan saboda rashin 'yan kuɗi ba, lalle yana da hujja mai ƙarfi. Ya kuma ƙara da cewa ai an riga an biya: harajin da ake cira daga albashi, da wanda ake biya a kan kayan masarufi, da rabon kowane ɗan ƙasa na arzikin mai, daga cikinsu ake biyan ma'aikatan gidajen. A wurinsa kuɗin ƙofa biya biyu ne a kan abu ɗaya.

Abin da riƙon gidan tarihi ke ci

Sai dai kuma mai wannan magana ya kamata ya san cewa gidan tarihi ba rumbu ba ne da za a zuba kaya a liƙe a tafi. Abin da baƙo ke gani a cikin akwatunan gilashi kaɗan ne daga abin da ke ajiye a taskokin baya, kuma kowane ɗaya yana da abokin gabarsa. Gara tana cin sassaƙen itace. Asu yana cin riguna da lifidi. Danshin damina yana sa tagulla ta yi kore ta ruɓe, yana sa sulke da takubba su yi tsatsa. Bushewar hunturu tana fasa fata da ƙwarya, ƙura kuma tana shiga ko'ina. Tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, in aka bar su a hasken rana, tawadarsu takan dushe, takardar ta yi ta karyewa kamar busasshen ganye. Saboda haka dole a sami ma'aikatan da suka koyi aikin adana kaya, da magunguna, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da rufin da ba ya yoyo. Tun a 1963 aka buɗe makarantar koyon wannan aiki a Jos da taimakon hukumar UNESCO, har daga waɗansu ƙasashen Afirka ana turo ɗalibai.

Ga kuma ɓarayi. A 1987 an shiga gidan tarihin Jos an kwashe kaya masu daraja, tsakanin 1993 da 1994 kuma an yi ta sata a na Ife. Abin da aka sace irin wannan, kasuwarsa tana ƙasashen waje, kuma dawo da shi yakan ɗauki shekaru ana shari'a, in ma an dace ke nan. Tsaro yana bukatar masu gadi dare da rana, da ƙofofin ƙarfe, da rajistar da aka rubuta kowane abu a ciki tare da hotonsa. Wannan nauyi ƙaruwa yake yi, domin kayan Binin da sojan Ingila suka kwashe a 1897 sun fara dawowa gida. A 2022 Jamus ta sa hannu ta mayar wa Nijeriya mallakar kaya fiye da 1,000, a 2025 kuma Holan ta dawo da 119.

Duk wannan kuɗi ne. Tambayar da ta rage ita ce, ko kuɗin ƙofa zai iya ɗaukar nauyin?

Bari mu yi ɗan lissafi, a kan misali kawai. A ce akwai wani gidan tarihi da mutum 100 ke shiga kowace rana, kowa ya biya naira 200. A rana an sami naira 20,000. In gidan ya buɗe kwana 300 a shekara, an tara naira miliyan 6. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata, watau naira 840,000 a shekara. Ashe duk abin da aka tara a ƙofar nan bai wuce albashin ƙananan ma'aikata 7 ba. Ba a sayi man janareta ba, ba a gyara rufi ba, ba a sayi maganin gara ba, ba a ma buga tikitin da za a yaga wa baƙin ba. In kuwa aka ce a ninka kuɗin sau 10 don ya taɓuka wani abu, to mutum 100 ɗin nan ba za su zo ba.

Yanzu a juya lissafin ta wajen mai biya. Magidanci ya ɗauko matarsa da 'ya'ya 6 ranar hutun Salla, su 8 ke nan. A naira 200 kowa, sai ya ajiye naira 1,600, bayan kuɗin mota zuwa da komowa, da abin da yara za su taɓa a hanya. Abin da bai isa ya riƙe gidan ba, ya isa ya sa mai iyali ya fasa zuwa. Nan ne gizo ke saƙa.

Abin da ya faru a Ingila

Ingila tana cikin ƙasashen da suka gwada hanyoyin nan biyu, don haka ya kamata a ɗan tsaya a kanta.

Babban gidan tarihinsu na Landan, wanda ake kira British Museum, an kafa shi a 1753, aka buɗe shi ga jama'a a 1759, kuma tun daga farko ba a sa kuɗin ƙofa ba. Amma kada mai karatu ya zaci kowa ke kutsawa. A shekarun farko sai mutum ya rubuta takardar neman izini, ya jira a duba, a ba shi tikiti na wata rana, sa'an nan a zaga da su 'yan kaɗan cikin gaggawa. Leburan da ke aiki daga safe zuwa dare ina ya ga sukunin wannan? Tun daga nan za a gane cewa rashin karɓar kuɗi dabam, buɗe ƙofa ga talaka dabam.

A watan Janairu na 1974 gwamnatin ƙasar ta sa kuɗin ƙofa a manyan gidajen tarihi na ƙasa. Abin bai yi wata 3 cikakku ba aka yi zaɓe, sabuwar gwamnati ta soke shi. A shekarun 1980 kuma, da gwamnati ta matsa wa gidajen su nemi kuɗi da kansu, sai waɗansu suka koma karɓa. Gidan da ake nuna halittu da ƙasusuwan dabbobi ya fara a 1987, na kimiyya ya bi baya a 1988. Gidan kayan fasaha mai suna Victoria da Albert ya fara da roƙon gudummawa a 1985, daga baya a 1996 ya mai da shi dole, fam 5. Waɗansu kuwa, ciki har da British Museum, suka ƙi. Sakamakon ya fito fili: waɗanda suka sa kuɗi baƙinsu suka ragu ƙwarai, waɗanda suka bar ƙofa a buɗe nasu suka yi ta ƙaruwa.

Daga nan aka fara janyewa sannu a hankali. A 1999 aka ɗauke wa yara, a 2000 aka ɗauke wa tsofaffi, ranar 1 ga Disamba 2001 kuma aka ɗauke wa kowa da kowa a gidajen tarihi na ƙasa. Cikin shekara ɗaya masu shiga gidan Victoria da Albert suka ninka har da ɗori.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce magana ta ƙare, a cire kuɗi kawai. Amma akwai abubuwa biyu da masu kawo misalin Ingila sukan manta. Na farko, gwamnati ba umurni kaɗai ta bayar ba, sai da ta ƙara wa gidajen kuɗi daga baitulmali a madadin abin da suka rasa, ta kuma gyara dokar haraji don kada su yi hasara. Har yanzu kuma in sun shirya wani nuni na musamman na 'yan watanni sukan karɓi kuɗi mai kauri, ga akwatunan gudummawa a bakin ƙofa, ga kantuna da wuraren shan shayi a ciki. Na biyu, da aka bincika su wane ne suka cika gidajen bayan an cire kuɗin, sai aka tarar babban rabo na ƙarin ya fito ne daga irin mutanen da dama can suke zuwa, watau masu ilmi da masu hali, sai dai yanzu suna zuwa a kai a kai. Talakan da aka yi abin dominsa ya ƙaru, amma ba kamar yadda aka yi fata ba. Ashe ba kuɗin ƙofa kaɗai ke tsare mutum ba. Akwai nisa, akwai kuɗin mota, akwai rashin sanin abin da ke ciki, akwai kuma jin cewa wurin ba na irinsa ba ne.

Wani abin lura a nan, ko da yake ɗan ratse ne: a British Museum akwai kayan Binin fiye da 900, kuma duk wanda ke Landan zai shiga ya kalle su ba ko kwabo. Amma jikan maƙerin da ya zuba tagullar, kafin ya kai bakin wannan ƙofa ta kyauta sai ya nemi biza ya sayi tikitin jirgin sama. Kyauta ga wani, tsada ga wani.

Sauran ƙasashe

A Amurka, gidajen tarihi na Smithsonian da ke Washinton kyauta ake shiga, domin gwamnatin tarayyarsu ke ɗaukar mafi yawan nauyin. A New York kuwa babban gidan Metropolitan ya yi kusan shekara 50 yana barin kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, har 2018 da ya yanka dala 25 ga waɗanda ba mazauna jihar ba. Ƙasar Sin ta fara buɗe yawancin gidajen tarihin gwamnati kyauta a 2008, ita ma tare da tallafi daga baitulmali. Suwidin ta cire kuɗi a 2005, ta mayar a 2007, ta sāke cirewa a 2016, ta sāke mayarwa a 2023, yawancin sauye-sauyen suna biye da sauyin gwamnati.

Faransa ta bi wata hanya. Gidan Louvre na birnin Paris, wanda mutum kusan miliyan 9 ke shiga a shekara, yana karɓar kuɗi mai yawa, yuro 22 tun daga 2024, kuma a ƙarshen 2025 aka yanke cewa baƙin da suka fito daga wajen Turai za su riƙa biyan yuro 32. Amma yaron da bai kai shekara 18 ba kyauta yake shiga, ko daga ina ya fito. A nan Afirka, Masar da Kenya sun raba farashi: ɗan ƙasa ya biya kaɗan, baƙo ya biya da yawa. Irin waɗannan wurare kuɗin ƙofa yana yi musu rana sosai, amma dalilin a fili yake, suna da ɗimbin baƙi masu yawon buɗe ido da suka riga suka kashe dukiya suka zo, waɗanda kuɗin tikiti ba zai mai da su gida ba. Gidan tarihin da yawancin baƙinsa 'yan makarantar firamare ne da malamansu ba zai yi koyi da Louvre ya kwashe lafiya ba.

Kada kuma a ce yawan kuɗin ƙofa shi ke tsare kaya. A 2023 British Museum, inda ba a biya, ya bayyana cewa kaya wajen 2,000 sun ɓace ko sun lalace a taskarsa. A watan Oktoba na 2025 kuma ɓarayi suka shiga Louvre, inda ake biya da tsada, da rana tsaka suka kwashe kayan ado na sarauta. Tsaro aikin kulawa ne da riƙon amana.

Shin araha ba ta ado?

Akwai wata hujja da masu son a biya sukan kawo wadda ba ta shafi lissafi ba. Sukan ce ɗan Adam ba ya ganin darajar abin da ya samu a banza, in aka bar ƙofa a sake sai wurin ya zama matattarar masu neman inuwa, yara su yi ta guje-guje suna shafa gilashi, wanda ya zo da niyyar karatu ya rasa natsuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Tikiti yana kuma da wani amfani da ba a cika ambata ba, shi ne ƙidaya. Da shi ake sanin mutum nawa suka shiga, a wane wata, manya ko yara, kuma da wannan ƙidaya ne shugaban gida zai nemi ƙarin ma'aikata ko ƙarin ɗaki.

Amma in aka duba da kyau, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa. Ana iya yaga tikiti ko da ba a karɓi kome ba. Tsari da natsuwa kuwa aikin masu gadi ne da masu yi wa baƙi bayani. Wanda ya shigo neman inuwa ma, in ya ɗaga kai ya ga motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, wadda ke ajiye a gidan tarihin Legas da ramukan harsashi a jikinta, da wuya ya fita yadda ya shiga. Gani ya kori ji. Darasin da malami zai yi mako yana bayani a allo, yaro yakan ɗauke shi cikin minti 5 in ya tsaya gaban abin da kansa. Mu kuwa a ƙasar nan, inda yaron Sakkwato zai iya girma bai taɓa ganin aikin hannun mutanen Oron ba, na Oron kuma bai taɓa ganin sulken barden Kano ba, ba mu da yawan wuraren da ke nuna wa ɗan ƙasa ƙasarsa gaba ɗaya a ɗaki ɗaya. Asarar da ke cikin mai da yaro guda daga bakin ƙofa ta fi ribar da ke cikin tikitinsa.

Saboda haka abin da ya fi kusa da daidai, a ganinmu, shi ne a daina ɗaukar kuɗin ƙofa a matsayin abin da zai riƙe gidan tarihi. Riƙon gidan nauyin baitulmali ne, kamar makaranta da ɗakin karatu. Kuɗin ƙofa ɗan taimako ne, kuma ya kamata a yanka shi daidai ƙarfin mai biya: baligi mai sana'a ya ba da ɗan abin da ba zai dame shi ba, baƙon da ya zo daga ƙasar waje ya ba da fiye da haka, ɗan makaranta da tsoho da naƙasasshe kuwa a sauƙaƙa musu iyakar sauƙi, in da hali a ɗauke musu ɗungum. A kuma keɓe waɗansu ranaku sanannu da kowa zai shiga kyauta, a yi shelarsu a rediyo da harsunan da jama'a ke ji, don mai iyali ya san ranar da zai kwaso yaransa.

Ina kuɗin ke tafiya?

Mutane da yawa suna zaton abin da suka biya a ƙofa yana shiga aljihun ma'aikatan gidan, ko kuwa shugaban gidan yana da ikon ya ɗiba ya sayi fenti. Ba haka tsarin yake ba. Kuɗin da hukumar Gwamnatin Tarayya ta karɓa kuɗin gwamnati ne, kuma tun 2015 aka tilasta wa hukumomin Tarayya su riƙa zuba abin da suka tara a asusun bai ɗaya da ke Babban Bankin Nijeriya. An yi haka ne don a toshe ɓarna. Sai dai masu nazarin harkar gidajen tarihi a ƙasashe da dama sun daɗe suna nuna cewa in gida bai ga amfanin abin da ya tara a jikinsa ba, ma'aikatansa ba su da abin da zai ƙarfafa musu gwiwar jawo baƙi, mai biya kuma ba ya ganin inda kuɗinsa ya shiga. Mutum yakan biya da daɗin rai in ya dawo baɗi ya tarar an gyara makewayi, an sa fitila a ɗakin da ya bari da duhu, an rubuta bayanin kaya da harshen da yake karantawa. Wannan magana ce da ta cancanci masu tsara kasafin kuɗi su dube ta.

Abin da ke hannun mai ziyara shi ne rasit. Duk inda aka karɓi kuɗinka a ƙofa, ka nemi tikiti ko rasit mai lamba, ka kuma duba ko abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ka bayar. Kuɗin da aka karɓa ba takarda bai isa baitulmali ba, bai kuma shiga ƙidaya ba, watau an cuci gwamnati an cuci gidan. In wani ya yi maka jagora ka ji daɗin bayaninsa ka ba shi goro, wannan tsakaninku ne, amma ba ya maye gurbin tikiti, kuma ba dole ba ne.

Akwai kuma hanyoyin samun kuɗi da ba su tsare kowa a ƙofa ba. Wanda ya san gidan tarihin Jos ya san ba ɗakin nuni kaɗai ba ne, a kewayensa akwai gidan namun daji, da wurin tukwane, da filin da aka gina kwatankwacin gine-ginen gargajiya na ƙasar nan, har da ganuwar Kano da masallacin Zariya. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, gidan tarihin Yamai da aka kafa a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, ya haɗa ɗakunan nuni da namun daji da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa, suna aiki baƙi na kallo suna saye. Irin wannan tsari yana jawo iyali su yini, kuma hayar rumfa, da sayar da littattafai da hotuna, da kuɗin izinin ɗaukar fim, da ba da hayar fili don taro, duk suna kawo wani abu. Attajirai da kamfanoni su ma suna da rawar takawa. Wanda ya iya gina ajin makaranta da sunan mahaifinsa zai iya ɗaukar nauyin gyaran ɗaki guda a gidan tarihin garinsu, ko ya biya motar da za ta kai 'yan makarantun ƙauye sau ɗaya a zango. Sau da yawa motar nan ita ce ainihin abin da ya tsare yaran, ba tikiti ba.

Ga shugabannin makarantu

Farashin shiga ya bambanta daga gida zuwa gida, kuma yakan sauya, don haka kada a dogara da abin da wani ya faɗa bara. Shugaban makarantar da ke son kai ɗalibai ya rubuta wa shugaban gidan tarihin da ke kusa da shi tun da sauran lokaci, ya faɗi yawan yaran da ajinsu da ranar da yake so, ya tambayi abin da za a biya da ko akwai rangwame ga ɗalibai, ya kuma roƙi a tanadar musu wanda zai yi bayani da harshen da yaran suka fi ji. Ya fi kyau a raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace da malaminta, maimakon a tura aji 3 cikin ɗaki ɗaya. Ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara ita ce Ranar Gidajen Tarihi ta Duniya, an fara kiyaye ta tun 1977, kuma gidaje da yawa sukan shirya bukukuwa da laccoci a makon, saboda haka lokaci ne mai kyau na kai ziyara.

A gaya wa yara kuma, su gaya wa iyayensu: wanda ya tono wani tsohon abu a gona ko wurin haƙar rijiya ko gini, kada ya fasa shi don neman zinariya a ciki, kada kuma ya sayar wa dillalan da ke yawo ƙauyuka, domin doka ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba da izinin Hukuma ba. Ya bar abin a inda yake in zai yiwu, ya sanar da dagaci ko hakimi, su kuma su aika wa gidan tarihi mafi kusa.